Babbar Rigata A Walimar Malam Iliya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na saka babbar riga na tafi karɓar kyautar wani ba.

Lokacin ban daɗe da zama manajan wani gidan burodi a Tarauni ba. Ranar da Alhaji mai gidan ya danƙa min makullai, abu ɗaya ya ja min kunne a kai: in riƙe ma'aikata da kyau, musamman Malam Iliya mai kwaɓa fulawa. Ya ce layin da nake gani a bakin kanti, hannun wannan dattijo ake bi, in ya tafi mu ma sai mu nemi wata sana'a. Na ce an gama.

Ana nan sai na je wani taron bita, inda wani mai kwat ya shaida mana cewa shugaba nagari ba ya yanke magana da mutanensa. Na riƙe wannan gam. (Ya ƙara wasu bayanai bayan haka, amma lokacin an fara rabon abinci.)

Washegari na kafa doka: kowace safiya kafin lodin burodi, a taru in yi jawabi. Na buɗe mana guruf a waya, na kulle shi yadda ni kaɗai ke iya rubutu, don kada a cika shi da surutu. Da la'asar kuma in tura saƙon murya, wanda gajerensa ya isa mutum ya ci tuwo ya wanke hannu. A ƙarshen kowane jawabi nakan tambaya ko akwai mai matsala, su ce babu, sai godiya. Ni kuma in koma ofis ina mamakin irin dacen da waɗannan bayin Allah suka yi da shugaba.

Sai Malam Iliya ya fara zuwa gidana a Gyadi-Gyadi ranar Juma'a da yamma. To, kowa ya san in babban mutum ya wanke ƙafa ya zo gidanka da magana, ba a zaure yake sauke ta ba. Sai an gaisa, an tambayi iyali, an taɓa zancen zafi da tsadar kaya, ya ce zai koma, ka taso rakiya, sannan a bakin titi ya sunkuyar da kai ya fara. Ni ma na san haka, a Kano aka yanke min cibiya. Amma a lokacin na ɗauka jawabin safe ne bai ishe shi ba, ya biyo ni neman ƙari. Na kuwa ba shi.

Da muka iso bakin titi ya tsaya ya ce, "Dama, Manaja..."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Na san abin da za ka ce, Malam. Ba sai ka gode min ba, aikina ne."

Na tare masa adaidaita sahu, na saka shi, har ina ɗaga masa hannu. Haka muka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. Maiɗakina ta tambaye ni abin da ke kawo wannan bawan Allah, na ce ƙauna. Ta dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wata rana Sabi'u direbanmu ya same ni a ofis, ya ce ma'aikata sun haɗa 'yar walima ranar Asabar, suna so in halarta, saboda... Na ɗaga masa hannu tun bai ƙarasa ba. Na ce na gane, kada ya damu, zan yi kamar ban sani ba. Ya juya ya fita.

Ranar Asabar na fito da babbar rigar sallah, na sha turare. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a harabar gidan burodi, ga lemo, ga Alhaji da kansa, ga wani ƙunshi an naɗe shi da takarda mai ƙyalli a kan tebur. Malam Iliya na zaune kusa da Alhaji cikin sabon ɗinki. Na ce a raina, dubi har dattijo ya yi ɗinki domina. Sai da idona ya kawo ruwa.

Bayan an buɗe da addu'a, Sabi'u ya ce Manaja zai fara magana. Na miƙe na gyara riga. Na ce ban cancanci wannan karramawa ba (na ɗan dakata ko wani zai musa, ba wanda ya musa). Na ce sirrin shugabanci shi ne magana da mutane kullum, shi ya sa babu abin da ke zuciyar ma'aikacina da ban sani ba. Na nuna Malam Iliya na ce ga shaida nan, har gida yake bi na, ni da shi da wannan gidan burodi mutu-ka-raba. Sannan na ɗauki ƙunshin, na rungume, na fara yage takardar.

Kowa ya zuba min ido.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Manaja, ajiye wannan. Na Malam Iliya ne. Yau ya gama aiki da mu."

Babbar riga duk girmanta ba ta ɓoye mutum, na gwada. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa wa Malam Iliya fulas ɗinsa na shayi, rabi a waje rabi a takarda, ya sa hannu biyu ya karɓa ya ce ya gode. Ashe kowa ya sani, har masu sarin burodi. Suna da nasu guruf ɗin, wanda ba ni a ciki.

Da aka watse na raka shi bakin titi. Wannan karon kunya ta ɗinke min baki. Ya tsaya, ya ce "Dama...", ya saurara ya ga ko zan karɓe. Da ya ji shiru sai ya ci gaba. Iyalinsa ce ba lafiya, ba ta iya kwana ita kaɗai, yana so ne a mayar da shi aikin rana daga na dare. Iyakarta ke nan. Abin da zan iya yi masa a tsaye, ko ofis ban shiga ba. Da ya gaji da zuwa, wani gidan burodi a Daurawa suka ce ya zo ya yi musu na rana.

Na roƙe shi ya dawo. Ya ce ya riga ya ba su baki, magana kuwa zarar bunu ce. Yana shiga adaidaita sahu ya leƙo ya ce, "Amma jawabanka suna da daɗi, Manaja."

Alhaji bai kore ni ba, sai dai har yau in zan yi magana a gabansa yakan duba agogo. Layin bakin kanti ya ragu. Na buɗe guruf ɗin yadda kowa zai iya rubutu, na rage jawabi, kuma duk wanda ya ce min "Dama", ko mai tallan gyaɗa ne, nakan rufe bakina sai ya kai ƙarshe. Ƙunshi ma ba na taɓawa sai an kira sunana da na mahaifina.

Burodin karin kumallon gidana kuwa, daga Daurawa maiɗakina ke aikawa a sayo. Ban tambaye ta dalili ba, wannan kam na gane da gaske.