Ranar da Na Buɗe wa Surukina Waya

A shekarun da wayata mai zugewa, wadda ake tura samanta madannai su fito, take tashe, ba a shawarar waya a dangi sai da ni. In na tura ta da babban yatsa madannai suka fito, har zama nake gyarawa. Masu wayar shafawa kuwa, tausayinsu nake ji.

Wata Juma'a na je gaida surukina a Ƙofar Wambai. Muna zaure, ga kwanon masa da miyar taushe a gabanmu, sai ya miƙo mini sabuwar wayar da aka aiko masa.

"Malam, duba mini. Wai wannan shafa ta kawai ake yi, ba ta da abin dannawa."

"Haba Baba, babbar waya kamar wannan? Madannan suna ciki. Sabunta ce ta sa ta cije."

Wan matata ya ce, "Ba ta buɗuwa fa." Na yi masa murmushin masana.

Na tura, ta ƙi. Na yi bisimilla, na sa yatsu biyu, na danna iya ƙarfina. Ta buɗe kuwa! Gilashin ya tsaya a hannuna, sauran ya yi tsalle ya faɗa miya.

Baba ya leƙa kwanon a natse, ya ce, "To, sun fito?"

Yanzu ni ma ta shafawa nake riƙewa, muna zaman lafiya. Amma har yau in na yi sallama a gidan, sai Baba ya cusa wayarsa a aljihu tukuna, sannan ya ce, "Shigo, Injiniya, na ɓoye."