Tsaka Ta Kashe Mana Sarauniya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci cike da warin da har yau ya ƙi barin barandarmu, ni Aurelia Soares ta unguwar Malak a nan Darwin, a madadin mijina Clive da mahaifiyata Filomena, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urar sanyaya ɗakin Mama, wadda muke kira Sarauniya. Ta cika ranar wata Talata bayan abincin rana, ana tsakiyar bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum ya yi mana gwalo ya watse. Ba ta zaɓi watan Yuli ba, lokacin sanyinmu a nan, da ko fanka ba ma nema. Sai da ta bari mutum na fitowa daga wanka yana zufa sannan ta ce ga garinku.

Marigayiya ta yi shekara goma sha huɗu tana hidima. Kanta na manne a bangon ɗakin Mama, sama da hoton babanmu, gangar jikinta kuma na zaune a baranda cikin farin akwati. Mai haƙuri ce, mai biyayya, ba ta taɓa neman hutu ba ko ranar Kirsimeti. Idan an danna mata rimot sai ta amsa da "tit", ta ɗan yi shiru, sannan ta saki "fuuuu" ɗin nan nata mai sa tsohuwa lumshe ido. Duk wanda ya taɓa shigo mana daga rana ya san a bakin ƙofar wane ɗaki ake tsayawa a yi doguwar gaisuwa.

Amma babban alherinta, wanda ba za mu iya biya ba, shi ne ita ta riƙe mana Mama a gidan nan. Zuciyar Mama ta yi rauni, zafi kuma na kumbura mata ƙafafu. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa kada ta ƙara yin bazara a ɗakin da ba sanyi. Yayana Zeca, da ke Melbourne, can kudu inda ake sanyi, ya daɗe yana neman hujjar ɗauke ta. Duk sanda ya bugo waya da zancen, Mama kan ɗaga wayar sama ta ce, "Saurara, Zeca. Ka ji ta? Muddin wannan na numfashi, ba inda za ni. Sanyin garinku na ƙasa ne, ba shi da rimot."

Dole a nan in ambaci wasu halittu, ko da ambatonsu na tayar mini da zuciya. Kowane gida a garin nan yana da tsaka, na sani, kuma kowa na cewa a bar su tunda suna cin sauro. Mama kuwa ta wuce nan. Tun tana yarinya a Timor aka gaya mata gidan da tsaka ke kuka gida ne mai albarka, shi ke nan ta riƙe. Kullum da yamma sai ta kunna fitilar baranda, wadda ke daidai saman akwatin marigayiya, don ƙwari su taru 'yan lelenta su ci. Suka ci, suka yi ƙiba, suka yi jikoki. Fararen cikinsu a jikin gilashin taga, kana hango ƙwai a ciki. Kashinsu a kan tebur, a kan littafin addu'a, sau ɗaya ma a cikin kofin shayina. Ranar da na ɗaga takalmi zan bugi wata ƙatuwa mai guntun wutsiya, Mama ta riƙe hannuna.

"Ke Lia, ajiye takalmin nan. Me ta ci miki?"

"Mama, a kofina fa ta yi."

"To wanke kofin. Ke da kina ƙarama ina ne ba ki yi ba?"

Jinyar marigayiya gajera ce, amma ƙazama. Da farko ta soma zubar da ruwa ta baki, yana bin bango. Sai numfashinta ya soma wari kamar safar da aka manta a cikin bokiti. Clive, wanda direban bas ne amma yake ganin duk abin da ke da waya ɗan uwansa ne, ya ce a bar masa. Ya sauya batirin rimot. Ya kashe wutar gidan gaba ɗaya ya kunna. Ya ciro ragar tace ƙura, muka tarar da baƙar dauɗa a jikinta mai kauri kamar bargo, ya wanke ta a wurin da nake wanke kwanuka. Sannan ya ce bututun da ke fitar da ruwa ne ya toshe, wani abokinsa na kamun kifi kuma ya koya masa maganin.

Jama'a, mijina ya durƙusa a baranda ya sa bakinsa a bututun nan ya zuƙa. Da idona na gani. Abin da ya fito ba zan iya kwatanta shi duka ba a takardar ta'aziyya: koren ruwa mai yauƙi, gansakuka, da wani ɗan kwaɗo da ya daɗe da barin duniya. Clive ya tofar, ya yi kakari, ya kurkure baki da giya, ya ɗago yana murmushi.

"Kin gani ko, uwargida? Na ce miki toshewa ce."

"Kada ka matso kusa da ni," na ce masa. "Ba yau ba, ba wannan makon ba."

Marigayiya ta ɗan farfaɗo, har muka fara murna. Ranar Talatar kuwa muna gama cin abinci sai muka ji "fat!" daga baranda, sannan "tsssss". Wani wari ya biyo baya, na ƙonannen roba gauraye da ƙonannen nama. Aka danna rimot, aka sake dannawa. Ba ta ƙara cewa "tit" ba.

Duk mai gyaran da muka kira sai ya ce mu shiga layi, rabin garin ma haka suke. A kantuna ko 'yar ƙaramar na'urar nan mai taya babu saura. Muka jera wa Mama fankoki, suka yi ta juya iska mai zafi kamar hucin tanda. Muka riƙa kai ta babban kanti mai na'urar sanyi ta wuni a kan benci tare da sauran tsofaffin da nasu na'urorin suka mutu, ta dawo ƙafafu sun cika silifas. Ta roƙe ni kada in gaya wa Zeca. Idan ya bugo sai ta ce masa Sarauniya na hutawa ne.

Da ƙyar muka samu Kostas mai gyara ya zo, rigarsa sharkaf da gumi. Ya kwance murfin akwatin baranda, ya leƙa, ya ja baya yana toshe hanci.

"Wa ya yi gashi bai gayyace ni ba?"

Na leƙa, kuma na yi da-na-sanin leƙawa. A kan allon lantarkin da ke zaman ƙwaƙwalwar marigayiya, ga tsaka a miƙe, ta ƙone ta manne, ƙafar gaba a kan wata waya, ta baya a kan wata, baki a buɗe. Kewaye da ita ƙwai ne fal a kowane lungu, wasu sun fashe, wasu sun dahu, tururuwa na ta hidima. Wutsiyarta guntuwa ce. Ita ce dai ta kofina.

"Ɗumin allon suke so," in ji Kostas. "Ga fitila a sama tana kawo musu abinci, ga ɗaki a ƙasa. Ni ma da nan zan tare."

Mama ta dogara sandarta ta zo ta duba. Ta yi alamar gicciye. Na ɗauka don Sarauniya ne, sai na ji ta ce, "Wayyo, baiwar Allah. Ta sha wuya kuwa, ɗana?"

"Ko kaɗan, Mama. Nan take ne."

Ya ce an daina ƙera irin allon, sabuwar na'ura kuma ba wanda zai samu sukunin kafa mana sai bayan Kirsimeti. Ranar Lahadin da ta biyo baya Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin coci. Ta farfaɗo, mun gode Allah, amma a wannan karon ni da kaina na kira Zeca. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Haɗa mata kaya, ƙanwata. Ki sa da rigunan sanyi." Mama ba ta da rigar sanyi ko ɗaya. Kuma dukanmu mun san wanda ya kai shekarunta ya yi wannan tafiyar, ba lallai ya sake yin ta dawowa ba. Raina ya ɓaci da tsaka, da Clive da bututunsa, da garin nan da ke dafa mutane da ransu, da ni kaina da na buga wayar.

Marigayiya ta rasu ta bar rimot ɗaya da sababbin batura a cikinsa, da fankoki marasa amfani, da tabon ruwa a bango. Ta bar Clive, wanda har yanzu kofinsa daban yake. Ta bar marayun tsaka bila adadin, waɗanda ko kunya ba su ji ba, suna nan suna "cak-cak-cak" a rufi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Kostas ya riga ya zuƙe mata gas. Clive da maƙwabcinmu za su ɗauki gawar su ajiye a bakin titi tare da tsofaffin katifu, domin motar hukuma da ke kwashe tarkace kafin lokacin guguwa. Masu tsintar ƙarfe su yi haƙuri su bari iyali su shiga gida tukuna. Ba a buƙatar furanni. Mai niyya ya kawo ƙanƙara. Ni ba zan samu halarta ba, domin a safiyar ne zan kai Mama filin jirgi.

Akwai roƙo ɗaya ga masu zuwa gaisuwa. Jiya muna ninke kaya Mama ta kama hannuna, wannan hannun dai na takalmi, ta ce, "Lia, yaran nan ba su san zan tafi ba. Kada ki bar su da yunwa." Saboda haka idan kun zo da yamma kuka tarar da fitilar baranda a kunne, ƙwari na yawo, waɗancan ƙazaman suna cin rabonsu a saman inda Sarauniya ta zauna, don Allah kada kowa ya taimaka mini ya kashe. Ni na kunna.