Yadda Na Kashe Baba Nomau da Jita

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya tafiya da ranar da na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwar mutuwar mutumin da ke cikin ɗaki yana sharar barci. Har kuka na yi, kuma ba na ƙarya ba. Bari dai in faro muku daga tushe.

A shekarun farin nan ne, ina sabon malamin firamare, aka turo ni daga Isa zuwa Kamarawa. Wani dattijo, Baba Nomau, ya ba ni shagon da ke jikin zaurensa. Shi da matarsa Inna Kulu kaɗai suka rage a gidan, 'ya'yansa maza duk sun tafi cin rani kudu, yunwa ta hana su dawowa. Dusa da ganyen tafasa ake ci, sai ɗan garin rogon da nake kawowa idan an yi albashi. Baba ya rame har ya kwanta ciwo, kowa a unguwa ya san jikin ya yi nisa. Amma a cikin rumbunsa akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, cike da irin gero, yana jiran ruwan shuka. Ranar da Inna ta ce a ɗan ɗiba a dama masa kunu, ina tsaye ya ɗago kai ya ce, "Wanga iri tun ga ubana nis same shi. Ko mutuwa kunka ga ina yi, kada wanda ya taɓa min shi."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ni kuwa a lokacin ina ɗaukar kaina makaɗi, don a kwaleji na taɓa koyon waƙa ɗaya da rabi da jitar wani. Ran kasuwar Sabon Birni na je sayen gishiri da kananzir, sai na ci karo da wani ɗan gwanjo daga Maraɗi ya buɗe doguwar akwati. A ciki akwai wani katako mai ƙyalli, da ƙafafun ƙarfe, da matakai irin na keken ɗinki.

"Malam, wanga ba keken ɗunki na ba," in ji shi. "Jitar Turawa ta, wadda aka kiɗi zaune. Wani Bature mai ginar rijiyoyi yab bar ta. Hannu na aiki, ƙahwa na aiki, gwiwa na aiki. Sai mai ilimi ka iya ta."

Wannan "sai mai ilimi" shi ya gama da ni. Ya haɗa mini da akwatin ƙara sauti da lasifika irin ta masu tallar magani, na ɗora a mota. (Gishirin da kananzir ɗin suna nan Sabon Birni har yau.)

Haɗa ta ma wani labari ne. A kife take cikin akwatinta, ni kuma yadda na same ta haka na ɗaura mata ƙafafu, sai ga abu ƙafafu a sama kamar tunkiyar da fari ya kayar. Na yi ta laluben tsirkiyoyi ta ƙarƙashi, ina zagin ɗan gwanjo, har Inna Kulu ta leƙo ta ce, "Malam, in teburi na, ai kihe shi kay yi." Na ce mata gwaji nake.

Da na juyar da ita sai na gane yadda take. Ba a danna tsirkiya da yatsa. Wani guntun ƙarfe ne mai santsi ake zamewa da shi a kansu da hannun hagu, a saka faratan ƙarfe a yatsun dama ana kaɗa su. In ka taka mataki sauti ya hau, in ka tura wani ƙarfe da gwiwa ya sauka. Ni kuwa in hannuna ya tuna aikinsa sai ƙafa ta manta, in ƙafa ta tuna sai gwiwa ta yi abin da ba a aike ta ba. Sa'ar da garin ya ci a makonnin farko ita ce ba ni da batir, don haka ƙarar ba ta wuce kukan sauro ba.

Sai wata Asabar da hantsi wani direba ya ara mini batirin motarsa da ta lalace. Na rufe ƙofar shago. Don kada yara su taru a titi, na yi dabara irin ta masu ilimi: na sa bakin lasifikar a ƙaramar tagar baya, wadda ke kallon cikin gida, daidai bangon ɗakin Baba. Inna ta tafi gulbi tun asuba, inda mata ke tona yashi suna jiran ruwa ya tsatso. Shi kuwa Baba kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya, na ce ba zai damu ba.

Na kaɗa tsirkiya, na ja ƙarfen nan a hankali tun daga wannan ƙarshe har wancan, na taka mataki. Jama'a, sai ga wani sauti siriri ya tashi sama yana rawa, ya karye, ya gangaro. Tsigar jikina ta tashi. Na ce lallai an haife ni da baiwa. Na sake. Na kuma sakewa, idona a rufe, ina ganin kaina a gidan rediyo.

Abin da ya dawo da ni duniya shi ne wani kukan da ya fi nawa ƙarfi, daga cikin gida. Na cire waya, na buɗe ƙofa, sai na ga an shimfiɗa tabarmi, maza sun fara zama. Maƙwabcinmu Ɗan Jimma ya kama hannuna ya ce, "Malam, sai haƙuri. Nomau ya riga mu."

Na zauna a kan tabarma. Abin da ya fara zo mini shi ne mutum yana can yana cikawa shi kaɗai, ni ina nan ina kiɗa. Na fashe da kuka, har wani tsoho yana cewa wannan baƙo ya fi ɗan cikin mutum.

Daga baya na san yadda aka yi a ciki. An aika gulbi an gaya wa Inna, ta taho da gudu tana kururuwa, mata na biye da ita. Suka tarar da shi miƙe cikin ɗaki mai duhu, an ja gwado har kansa. Wata mai ƙarfin hali ta ɗaga gefe, ta ga auduga a kunnuwansa, ta saki, ta ce ai har an fara kimtsa shi. Kowacce ta zaci wata ce ta yi. Liman kuma yana waje yana jiran ruwan wanka, don ko tulu ɗaya babu a gidan, sai da aka koma gulbi. Samari sun riga sun ɗauki diga sun nufi maƙabarta.

A garin nan ba a barin masu haƙa su dawo ba a tare su da gumbar sadaka ba. Tsofaffin mata suka aiko zaure cewa ba ko tsaba a gidan. Kowa kuma ya san yadda nasa gidan yake. Can sai muka ji muryar Inna tana cewa cikin kuka, "A hwasa tulun. Mai irin ya tahi, wa za ya shuka?" Aka ce ana son yaro mai ƙarfi ya hau rumbu. Kun san wanda ya yi tsalle ya miƙe, yana share hawaye, yana cewa wannan ne aikin ƙarshe da zai yi wa Baba? To, ni ne. Da hannuna na sauko da tulun, da hannuna na ɓalle lakar.

Na dawo tabarma na zauna a sahun gaba, ana miƙo mini hannu ina cewa amin. Daga ciki aka fara jin lugude. Wani ya tambayi Ɗan Jimma ko yana wurin aka cika.

"A'a," ya ce, "kukan Kulu nij ji ta bisa katanga. Yat tashi siriri hal sama, yak karye, yas sauko, yak koma. Niy yi salati, nic ce a kira liman."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Amma ai ni anka aika, kuma gulbi nit tarad da Inna."

"To wa yay yi kukan?" in ji liman.

Ya tashi siriri, ya karye, ya sauko. Nan na gane kukan jitata ake nufi. Gumi ya keto mini. Ina cikin wannan hali sai ihu ya ɓarke a cikin gida, mata suka yo zaure a guje, wata da taɓarya a hannu, wata ba ɗankwali. Muka kutsa ciki, ban da waɗanda suka fi mu hankali suka yi titi.

Ga Baba Nomau tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya yafa gwado, auduga na leƙowa daga kunnuwa. Ashe tun jan ƙarfena na farko ya toshe kunne, ya ja mayafi, barci ya ɗauke shi. Kukan mata bai tashe shi ba. Dukan turmi ne ya bi ƙasa ya same shi a kan tabarma, abin da ya daɗe bai ji a gidansa ba.

"Mi aka daka gidan ga?" ya tambaya.

Idonsa ya faɗa kan tulun. Bai tambayi dalilin taron ba, bai kula Inna da ta zube tana salati ba. Ya taka a hankali ya leƙa ciki. An surfa fiye da rabi, an wanke, an dake. Abin da ya rage a gindin tulu bai fi cikin ƙwarya ba.

"Wa yas sauko da shi?"

Duk idanu suka juyo kaina. Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗauki taɓaryar nan ya sauke mini. Bai yi ba. Durƙusawa ya yi, mutumin da ya yi wata bai iya zama ba, ya shiga tsince tsabar da ta zube a yashi, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a tafin hannunsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ban sake ji ba.

Dole na faɗi gaskiya. Ba su yarda ba sai da aka fito da jitar tsakar gida, na zauna a gaban liman da rabin gari na ja ƙarfen sau ɗaya. Ɗan Jimma ya yi tsalle ya ce, "Wallahi ita ta! Kulu ta sak!" Inna ta tsaya da kuka cak, ta ce, "Ni ka kuka haka? Allah shi isam min, Ɗan Jimma!" (Ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa ba.)

Masu haƙa suka dawo hannuwa duk kanta, don ƙasar ta bushe kamar dutse, suka tarar da mamacin zaune a zaure. Gumba dai an riga an yi, aka raba. Baba ya miƙa hannu ya ce, "Tunda tawa ta, a ba ni in ɗanɗana." Ni kuma aka miƙo mini shebur, aka nuna mini hanyar maƙabarta. Ni kaɗai na cike ramin nan da tsakar rana, kuma na tabbatar samarin sun yi aiki tsakani da Allah.

Na sayo wani irin a Sabon Birni na kawo masa. Ya murza a hannu, ya ce a zuba can ƙarshen gona. Nasa kuwa, da aka sami ruwan shuka, da sanda ya dogara ya je ya shuka da kansa a wata kusurwa, rami bayan rami, bai bar ni ko na riƙe masa ƙwarya ba. Ruwan bai yi yawa ba, amma kusurwar nan ta yi kai. Da gero ya fara ido, tsuntsaye suka sauko, sai ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, ɗauko makokin nan naka ka kai gona." A nan jitata ta sami masu sauraro na farko, kuma ko ɗaya bai tsaya ya ji ƙarshen waƙa ba.

Baba ya ƙara shekaru masu dama. Ranar da ya rasu da gaske, ina koyarwa a Turba, aka aiko mini na zo. An ce liman ya hana kowa taɓa diga sai da ya shiga da kansa ya girgiza shi, ya kira sunansa a kunnen da ke ji. Bayan an dawo daga maƙabarta Inna Kulu ta sa aka kira ni cikin gida. Ta tsufa sosai. Ta ɗora mini dunƙulen gumba a hannu ta ce, "Ci, Malam. Jikan irin nan na da ka rage muna."

Na ci, ina dariya hawaye na zuba. Tun daga wancan lokaci na riƙe abu biyu. In zan koyi wani abu, nakan fara tambayar maƙwabta yadda yake shiga kunnensu. In kuma aka ce ana neman mai ƙarfi ya hau rumbu, nakan bari in ga gawar tukuna.