Kitson da Na Yi wa Dodon Surukina

Ko zan manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ta huɗu ba, a gidan 'yata Rabi da ke unguwar Ruwais a Jidda. Ni mai kitso ce. Shekara da shekaru ina kama kan matan Jidda, namu da Larabawa, kuma idona ba ya iya ganin gashi a hargitse ya kau da kai. Wannan halin shi ya kai ni ya baro.

Mijin Rabi (ba na kama sunansa, suruki ne, Baban Amira muke ce masa) injiniya ne a unguwar masana'antu. Mutum salihi, ba ya ɗaga murya. Aibinsa ɗaya, yana tara kayan wasu tsofaffin mawaƙan Turawa, masu kaɗa garayar lantarki suna ihu kamar an taka musu yatsa. Ɗaki guda ya ware musu. Riguna a leda ba a sawa, kofuna ba a shan ruwa da su, ga fuskokin roba jere a kabad ɗin gilashi, wata da ƙaho, wata harshe waje. Duk na wuce sai na yi a'uziyya.

Ana gobe suna ina shara, sai na tsaya gaban babbar cikinsu. Gashi har kafaɗa, ya cukurkuɗe, ya daskare, yana warin tsohuwar hula. Na ce a raina gobe gida zai cika, a ga wannan a ce 'yata ƙazama ce, daga nan a tambayi wadda ta haife ta.

Na ɗauko ta na kai banɗaki. Sau uku na cuɗa kafin ruwan ya yi fari. A cikin goshin akwai wani zanen tawada (ni ban yi boko ba, na ɗauka ɓarnar yara ce), na sa soso na kankare shi tas. Na shafa man da nake saye a kasuwar Bab Makka, na matse dodon nan tsakanin gwiwoyina, na taje, na yarfa masa shuku. Ban taɓa samun mai zaman kitso irinsa ba. Bai motsa ba, bai ce da zafi ba. Har duwatsu na sa masa a jela.

Washegari bayan an ci an sha, surukina ya ja abokansa biyu zuwa ɗakin. Su ma masu tara irin kayan ne, kuma wannan fuskar suka zo gani. Na bi bayansu da farantin dabino, in karɓi yabona.

Surukina ya ɗauko ta, ya leƙa cikin goshin, ya kai ta taga ya sake leƙawa.

Na ce, "Kada ka damu da godiya, sana'ata ce."

Rabi ta shigo da jaririya a kafaɗa. Ta dubi dodo, ta dube ni.

"Inna, me kika yi?"

"Wanka da kitso."

"Inna, mawaƙin da kansa ya sa ta a dandali tun ba a haife ni ba. Warin nan zufarsa ce. Rubutun kuma hannunsa ne, ga shi ya mutu. Shekara bakwai Baban Amira yana neman ta."

"Zufar wani ƙato ake ajiyewa a gilashi?"

"Ita ce darajar, Inna."

Ɗaya daga cikin abokan, Abu Faisal, haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya juya ga bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ya Hajja, mashallah. Halas, ta zama amarya, sai a nemo mata miji."

Surukina kuwa, ido jajir, ya durƙusa har ƙasa da dodon a ƙirjinsa ya ce, "Sannunku da aiki, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce to ya kawo in kwance kitson. Ya yi wuf ya mayar da ita bayansa, ya ce kada in wahalar da kaina. Na fita da baya, ni da dabinona, babu wanda ya ɗauki ko ɗaya.

Tun daga ranar, in na ga ƙazanta a gidan mai ilimi, sai in naɗe hannuna a mayafi in tambaya tukuna: wannan ta wankewa ce, ko ta ajiya?