Yadda Za Ki Tono Sunanki Daga Cikin Odinatar

Ni Hajara ta Kalfu, ban yi lakkwal ba, ko harahin boko ban sani ba, amma bana na hiddo buhun hatsin agaji daga bakin odinatar, injin nan mai riƙe sunayen mutane, a birnin Tawa. Ki bi ni sawu-sawu, jikokinki ba su kwana da yunwa.

1. Ki hwaɗi sunanki.
Ma'aikacin ohishin rabo, Mushe Alƙasum (haka suke kiran ɗan boko da Faransi), zai danna inji, ya ce: "Inna, babu ki." Kada ki tashi. Ga ki zaune, ƙaƙa babu ki?

2. Ki bari shi yi bayani.
Wai injin layin sunan maigida kaɗai yake dubawa. Mu mata an zuba mu a wani layi can gehe, shi ko bai leƙa nan. Ashe injin ma namiji ne.

3. Kada ki kama sunan ɗan hwari.
Tun rasuwar mijina Malam, ɗana na hwari ke riƙe da gida. Mushe ya ce: "Mi sunanshi?" Na ce: "Yaro, a garinku uwa na kiran wannan suna?" Na dai ce wan Usaini ne. Sai ya danna Usaini.

4. Ki tahi da maƙwabciya marar kunya.
Ni na yi wa Sauda wankan jego har sau biyu, ban manta ba, na ja ta. Ta buɗe baki ta ce Hassan. Inji ya ce babu.

5. Ki tuna abin da kinka ce wa masu ƙidaya.
Ranar da sunka zo rubutu, ni sunka iske. Da sunka tambayi sunan maigida na sunkuyar da kai na ce: "Wane." Mushe ya danna Wane da rubutun Faransi. Sai ga Wane goma sha bakwai, duk a Kalfu. Garinmu akwai tarbiyya.

6. Ki sa shi yi aikin da kanshi.
Ya bi layin gehen da yatsa, ɗaya-ɗaya, yana zuhwa. A na sha huɗu ya ga Hajara.

In kinka bi wanga hanya buhunki ya tahi gidan wani Wanen, babu ruwana. Ki tuhumi uwarki da ta koya miki kunya.