Ginin da na kai har sama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Isufu, ɗan ƙanena, a Garhanga. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ni magini ne. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Na ga fari biyu, na binne wanda na binne, na ci gaba da ɗora tubali. Mutane suna jin maganata saboda ba ta da yawa.

Shekarar da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, wani ɗan akwatin wasa ya shigo kasuwanninmu. Tsawonsa tafin hannu ne, da ɗan gilashi a sama. Tubala suna zubowa a cikin gilashin, kai kuma kana jera su da yatsa. Isufu ya zo ya durƙusa, ya tambaye ni ko ya saya. Na ce sai na bincika, kamar yadda ake yi kafin a sayi jaki.

Yakubu, wani Kirista mai yi wa mutane allura a asibitin mishan, ya ce abu ne mai kyau, yana wasa ƙwaƙwalwa. Bello, Bafulatanin da ke kiwon shanun unguwarmu, ya ce yaudara ce: an ce wasa ɗari ne a ciki, alhali duk ɗaya ne, ga cin pil, wato batir, kamar wuta. Na bi Bello. A gaban majalisa na gaya wa Isufu cewa in ya sayi wannan shirme, to ya nemi wani waliyyin, ni ba na karɓar wa malalaci mata. Ya sunkuyar da kai, ya haƙura.

Ran kasuwar Madawa na je sayen igiya, na dawo da abin a aljihu. (Na gaya wa kaina bincike ne bai ƙare ba. Ƙarya nake.) An ce gini ne a ciki, ni kuwa ba a yin gini a ƙasar nan ban sa ido ba.

Kwana uku na gane kansa. Wani lokaci in ka jera sahu sumul sai ya ɓace, aikinka ya tafi a banza. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Sai na koyi barin ƙofa da taga a kowane sahu, ginin ya daina rushewa. Kafin shayi ya tafasa na kai shi sama, abin ya yi mini ɗan kiɗa. Na ce lallai, ko ƙarfe ya san gwani. A bayan rumbu nake yi, ba wanda ya sani.

Ran ɗaurin aure da hantsi na sa babbar riga, na manta yana cikin aljihu. Muka zauna gwiwa da gwiwa, ni a gaban liman, dangin amarya sun kewaye mu. Na nemi aure, aka ba ni. Liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha, na gyara zama, cinyata ta danne abin.

Ya fara kiɗa. Na yi tari, bai rufe shi ba. Na danna ta kan riga, ya ƙara murya. Liman ya sauke hannu yana kallon cinyata.

Bello ne ya miƙo hannu, ya zaro shi, ya taɓa wuri ɗaya bai ko duba ba, abin ya yi shiru. Bellon da ya ce yaudara ce. Ashe nasa na uku ke nan yana lalatawa a wurin kiwo.

Da na yi shiru da ta wuce. Amma bayan an shafa fatiha ana raba goro, na ga ana murmushi, zuciya ta ɗebe ni. Na ce na saya ne don in tabbatar wasan banza ne, kuma na tabbatar, tunda kullum kafin shayi ya tafasa nake kai ginin sama.

Yakubu ya ajiye goronsa. Ya ce, “Maigida, wanga kiɗa da kake ji in ka kai sama, na wanda aka kayar ne. Sahun ya ɓace, shi ne ci.”

Wata biyu ina shan kaye a bayan rumbu, ina yi wa kaina barka. Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Isufu ya matso, ya durƙusa da ladabinsa, ya ce, “Baba, to yanzu in saya?”

Na miƙa masa nawa.

Har yau ina kan bakana: wasan da ke share aikin kirki ya bar mai rami, wanda ya ƙera shi bai taɓa kwaɓa laka ba. Amma na daina yanke hukunci a kan abin da ban san cinsa da faɗuwarsa ba. In kuma wani ya rantse maka abu ba shi da kyau, dubi babban yatsansa tukuna. Na Bello har kanta ya yi.