Gidan da Na Ɗauka Kalanda Ne

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je gaida kawun Rifkatu ba, ko na so in manta ma ita ba za ta bar ni ba. Lokacin shekarata uku a Doha ina gyaran na'urorin asibiti, ita kuma nas ce. Mun daidaita tsakaninmu, saura magana ta je gaban manya. Iyayenta suna Kafanchan, amma babanta ya ce yayan uwarta, Kawu Danladi, yana nan Al Wukair kusa da mu. In ya ce e, e ne. In ya ce a'a, kada ma a ɓata kati a kira shi.

Tun ana saura sati Rifkatu ta ja mini kunne. "Kawu ba ya son surutu. Ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ka bar Bulus ya yi magana." Bulus abokina ne, shi zai raka ni. Sai ta ƙara da maganar da ta zame mini masifa: "Ya daɗe a Amurka, mutum ne mai lura."

Amurka! Nan take na ji faɗuwa ta zo daidai da zama. A watannin nan na kamu da ciwon kallon finafinan rushewar kasuwar gidaje ta Amurka, wadda ta durƙusar da tattalin arzikin duniya a 2008. Wani ɗan Indiya da muke ɗaki ɗaya a Ain Khaled ne ya fara kunna mini ɗaya, daga nan na bi sauran na cinye. Rabin Turancin ban gane ba (mutanen suna magana kamar ana korarsu), amma na fito ina jin kaina gwamnan babban banki. Ko shayi muka fita sha sai na yi wa mutane lacca. Na ce a raina, yau Kawu zai san 'yarsa ba ta kwaso jahili ba.

Muka je bayan an tashi daga coci (a nan ranar Juma'a muke sujada, Lahadi ranar aiki ce). Kawu gajeren dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Matarsa, Mama Saratu, ta kawo mana faten acha, Rifkatu ta laɓe a ƙofar kicin. Aka nuna mini kujera na ƙi, na zauna a ƙasa kamar mutumin kirki. Bulus ya gabatar da ni tsaf. Minti goma na farko da za a ba ni maki, da na ci ɗari bisa ɗari.

Sai Kawu ya dube ni ya ce, "Samari, in ba ka wurin aiki me kake yi?"

Jama'a, amsar nan kalma uku ce: coci da gida. Amma ina! Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce ina nazarin tattalin arzikin Amurka. Na shiga bayanin yadda bankuna suka riƙa raba wa mutane gidaje kamar ana rabon goro, da yadda komai ya zube rana ɗaya. Bulus ya mintsine ni a ƙafa, na janye ƙafar na ci gaba.

"Kawu, ni fa bankunan ba su ba ni mamaki ba, ɓarawo ai sata zai yi. Waɗanda suka karɓi gidajen ne abin mamaki. Mutum da hankalinsa, albashinsa bai taka kara ya karya ba, a ce masa ga gida mai ɗaki biyar sa hannu, shi kuma ya sa? Kwaɗayi mabuɗin wahala! A wani fim an nuna wani an watso masa kaya waje, yana tsaye da fitilar gefen gado a hannu yana zare ido. Gaskiya dariya na yi."

Kawu ya zuba mini ido, ni kuma na ɗauka burge shi nake yi. Idona ya kai bango, na ga hoton wani farin gida da ƙanƙara a gabansa. Na nuna da yatsa (da yatsa fa, a gidan surukai) na ce, "Yauwa! Irin wannan gidan na kalandarku, sak!"

Mama Saratu ta ajiye jug ɗin da ke hannunta ta shige ciki. Rifkatu ta ɗora hannu biyu a ka.

Kawu ya tashi a hankali, ya ciro hoton ya miƙo mini. "Duba da kyau."

Na duba. A bakin ƙofar gidan ga wani gajeren mutum da jar hula yana murmushi, ga mace riƙe da jariri. Na juya bayan hoton, sai ga mabuɗi an manne shi da salatif.

"Ba kalanda ba ce," in ji Kawu. "Ɗakinsa uku, ba biyar ba. Ni kuma ranar ba fitila na riƙe ba, keken ɗinkin Saratu ne."

Wayyo ni! Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Da ƙyar wata magana ta kuɓuce mini, kuma har gobe ban san daga ina ta fito ba: "Sannu Kawu. Allah ya ji ƙan gidan."

Bulus ya yi wani tari mai kama da kuka.

Kawu ya karɓi hotonsa ya goge gilashin da hannun riga. "Fim ɗin naka awa nawa ne?"

"Biyu, Kawu."

"Ka yi sa'a. Nawa har yau bai ƙare ba. Shi ya sa ka gan ni a Doha da furfura ina ɗibar jinin marasa lafiya, sa'o'ina suna gida suna wasa da jikoki. Ku gaida gida."

A mota, da muka wuce unguwar Al Thumama, Bulus ya dube ni. "Khalas, shi ke nan," ya ce. "Na raka mutane neman aure da yawa, ban taɓa ganin wanda ya zagi surukinsa da hujjar fim ba." Rifkatu ta yi kwana tara ba ta ɗaga wayata. Saƙo ɗaya ta turo: a gidansu ba a ambaton gidan nan, shi ya sa ba ta faɗa mini ba, kuma ai ta ce in yi shiru. Na rame, abinci ya daina shiga, na tabbata na rasa ta saboda bakina.

Juma'a ta biyu na koma ni kaɗai, na durƙusa a tsakar falo na ba da haƙuri. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in je in kawo finafinan. Haka muka yi Juma'a huɗu muna kallo, rimot a hannunsa. Kowane minti biyar sai ya tsayar ya ce, "Nan sun faɗi gaskiya," ko "Nan ƙarya ce, ba mai zuwa ya yi maka bayani, takarda kawai za ka gani a ƙofa." Da aka zo wurin mai fitila bai tsayar ba, ni kuma ban ɗaga kai ba.

Ranar ƙarshe ya kira Kafanchan a gabana. "Yaron bakinsa ya fi kansa gudu," ya ce wa baban Rifkatu, "amma ya dawo da ƙafarsa ya durƙusa. A ba shi."

An ba ni, sai dai har da suna. Ko a coci Kawu ya hango ni sai ya ce, "Gwamnan banki, ya kasuwa?" Ni kuma yanzu duk gidan da na shiga, in na gaisa sai in kama bakina in fara karanta bango. Ko kalandar gaske na gani, da wata da ranaku a jiki, ba na cewa komai sai mai gidan ya rantse ba shi ne a ciki ba.